Yadda ake taskace shafin intanet kafin ya ɓace: aikin ɗaliban majistir a ɗakunan karatun jami'o'in Sudan

Duk wanda ya rubuta kundin majistir a Jami'ar Hartum, ko ta Jazira a Wad Madani, ko Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa inda ɗalibai Hausawa suka yi yawa, ya ɗauko kundin nasa na shekara goma baya, ya bi adireshin intanet ɗin da ya kafa hujja da su ɗaya bayan ɗaya. Zai tarar wasu ba sa buɗuwa, wasu sun buɗe amma abin da ke ciki ya sauya, wasu kuma sunan gidan ma, wato babban adireshin shafin, ya koma hannun masu talla. Ba a Sudan kaɗai ake wannan ba. Binciken da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2024 ya nuna kashi 38 cikin ɗari na shafukan da suke raye a 2013 ba a iya samunsu bayan shekara goma. Wannan fa a intanet baki ɗaya ke nan, ba sai inda wuta ke ɗaukewa ko ake harba igwa a kan gine-gine ba.

A Sudan lamarin ya fi haka muni. Daga ranar 15 ga Afrilu 2023, da yaƙi ya ɓarke a tsakiyar Hartum, shafukan ma'aikatu da jami'o'i da dama suka yi shiru, domin injinan da ke ɗauke da su suna cikin birnin da ake gwabzawa. A watannin farko na yaƙin ɗakin karatu na Cibiyar Muhammad Umar Bashir da ke Jami'ar Ahliyya ta Umdurman ya ƙone. A Disamba 2023 yaƙin ya isa Wad Madani, garin da mutanen Hartum da yawa suka gudu suka fake. Kuskuren da ya fito fili shi ne, a wurare da yawa takardar asali da hoton da aka ɗauka nata da injin da aka zuba hoton a ciki duk suna unguwa ɗaya, wani lokaci ma gini ɗaya. Abin da ya tsira cikin sauƙi shi ne wanda ke da kwafi a waje, irin kayan shirin Sudan Memory da aka yi da haɗin gwiwar King's College ta Landan, ko Taskar Sudan da Jami'ar Durham ta Ingila ke riƙe da ita tun 1957.

Aikin da ake ba ɗalibin majistir ko na daktora a sashen ilimin ɗakin karatu da bayanai, idan aka ce ya taimaka a taskar dijital, kashi biyu ne da mutane ke yawan cakuɗawa. Akwai kamo shafin intanet, wato ɗaukar sa yadda yake a wata rana. Akwai kuma tsare abin da aka kamo, da kundaye da hotunan rubuce-rubucen hannu da sauti, ta yadda bayan shekara talatin za a buɗe shi a karanta, a kuma iya rantsuwa cewa bai sauya ba. Na farkon ya fi daɗin yi, shi ya sa ake yawan tsayawa a kansa.

Me ake kamowa

Shafin intanet ba abu ɗaya ba ne. Idan ka buɗe shafin labarai, burauzarka tana aika buƙatu da dama: ɗaya na rubutun, wasu na hotuna, wasu na salon haruffa da tsarin launi, wasu na 'yan manhajojin JavaScript da ke sa abubuwa motsi, kuma ba lallai duka su fito daga uwar garke ɗaya ba, wato injin da ke ɗauke da shafin. Saboda haka ɗaukar hoton allo ko mayar da shafi PDF ba taskancewa ba ce. Yana nuna kamannin shafin, amma ya zubar da mahaɗansa da amsar da uwar garken ta bayar da lokacin da ta bayar. Abin da ake amfani da shi shi ne fayil mai suna WARC, wanda ya zama ma'aunin duniya na ISO 28500 a 2009. A cikinsa ana jera kowace buƙata da amsarta yadda suka zo, da adireshi da lokaci. Al'adar masu aikin ita ce a yanka shi idan ya kai kamar gigabait ɗaya, a buɗe sabo, don kada fayil ɗaya ya lalace ya tafi da komai.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma galibinsu kyauta ne. Heritrix ita ce tsohuwar manhajar rarrafe, wato mai bin shafuka ɗaya bayan ɗaya tana kwafe su, ta Internet Archive, cibiyar da Brewster Kahle ya kafa a 1996 wadda ta buɗe Wayback Machine, taskarta ta tsofaffin shafuka, ga jama'a a 2001. Tana da sauri da juriya, amma ba ta kallon shafi kamar yadda mutum ke kallonsa: tana karanta rubutun, ta tsinto mahaɗai, ta bi su. Haka ma Wget, wadda ke iya fitar da WARC idan aka ba ta umarnin --warc-file; ta wadatar ga tsohon shafin kwaleji da ba shi da kwalliya. Shafin zamani kuwa, wanda sai ka gangara ƙasa sannan sauran labarin ya fito, yana buƙatar Browsertrix, domin ita tana tuƙa burauza ta gaske. Ga aikin hannu akwai ArchiveWeb.page, da ake liƙa wa Chrome: duk abin da ɗalibi ya buɗe da idonsa shi take naɗa, abin da bai danna ba kuma bai shiga ba. Archive-It, da aka fara a 2006, hidima ce ta kuɗi da ake biya shekara-shekara, kuma a halin da jami'o'in Sudan suke ciki ba ita ce farkon abin da za a sa a kasafi ba.

Kafin a kunna kowace manhaja, ana zama a rubuta jerin iri, wato adiresoshin da za a fara rarrafe daga kansu. A nan ne ɗalibin da ya san ƙasa ya fi injin amfani. Manyan masu rarrafe na duniya suna bin shafin da ake yawan nunawa da mahaɗi, don haka kamfanin dillancin labarai na SUNA ko Sudan Tribune ko Rediyo Dabanga suna samun ziyara ko ba wanda ya roƙa. Wanda ba ya samu shi ne shafin ƙungiyar ɗaliban Mai Wurno, ko na wata halwar Alƙur'ani a Gadarif, ko na ƙungiyar manoma a Sinnar, ko mujallar wata tsangaya da ta fito sau shida ta tsaya. Tarihin Hausawan Sudan, tun daga waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 har zuwa jikokin mahajjatan da suka yada zango a Kasala da Bur Sudan, mafi yawansa a baki yake, kuma ɗan abin da aka rubuta a shekarun nan a irin waɗannan ƙananan shafuka ya faɗa. Kada kuma a taƙaita ga adireshin da ya ƙare da .sd, domin shafukan Sudan da yawa suna kan .com ne ko .org.

Bayan iri sai iyaka. Manhajar rarrafe kamar akuya ce a gona, in ba a ɗaure ta ba sai ta ci ta maƙwabci. Ana faɗa mata ta tsaya cikin gida ɗaya, ko cikin wani reshe na gidan, amma a bar ta ta ɗauko hotuna da fayilolin da aka saƙa cikin shafin ko da daga wani gida suke. Ana sa mata iyakar lokaci da iyakar nauyi, misali awa 24 ko gigabait 10, duk wanda ya riga cika. Ana kuma sa tazara tsakanin buƙata da buƙata, daƙiƙa ɗaya ko biyu, saboda ƙaramar uwar garke da ke aiki da janareta tana iya faɗuwa idan aka yi mata ruwan buƙatu, sai a wayi gari mai taskancewa ne ya kashe shafin. Tarkon da ya fi kama sabon hannu shi ne kalanda. Shafin da ke da maɓallin "wata mai zuwa" ba ya ƙarewa, manhajar za ta yi ta dannawa har shekarar da ba wanda zai gani, ta cika faifai da ranakun wofi. Irin wannan ne shafukan da ke jera kaya ta farashi, ta suna, ta kwanan wata, kowane jeri da adireshinsa alhali abu ɗaya ne. Maganinsa gwaji: a saki manhajar na awa ɗaya, a karanta rahotonta, a ga wane salon adireshi ne ya maimaitu dubbai, a toshe shi, sannan a yi na gaske.

Akwai fayil ɗin robots.txt da mai shafi ke ajiyewa don ya ce wa masu rarrafe kada su shiga nan ko can. Ba doka ba ce, roƙo ne. Ga shafukan jami'ar kanta babu matsala, izini na cikin gida ne. Ga na wasu, ɗakin karatu ne ya kamata ya yanke manufa a rubuce, kada a bar wa ɗalibi shi kaɗai. Sau da yawa fayil ɗin yana toshe babban fayil na hotuna da salon shafi ba da niyya ba, sai abin da aka kamo ya fito tsirara, rubutu zalla a kan farin allo.

Duba abin da aka kamo

Wannan shi ne ɓangaren da ke cin mafi yawan lokacin ɗalibi, kuma shi ne ake fara tsallakewa idan wa'adi ya matso. Ana buɗe fayil ɗin da manhajar da ke sake nuna shafin da aka kamo, ReplayWeb.page ko pywb, a ajiye shi gefe da shafin mai rai, a bi shi: hotuna sun fito? Bidiyo yana tafiya? Fayilolin PDF suna saukowa? Shafi na biyu da na uku na jerin labarai suna nan? Amma akwai yaudara ɗaya. Wani lokaci shafin da aka taskace yana miƙa hannu ya ɗauko hoto ko taswira daga intanet mai rai, sai ya yi kyau a ido alhali abin ba ya cikin taska. Ranar da asalin ya mutu, ramin zai bayyana. Gwajin mai sauƙi ne: a cire kwamfutar daga intanet gaba ɗaya, sannan a buɗe.

Yaudara ta biyu ta lokaci ce. A Wayback Machine kowane adireshi yana ɗauke da lambobi 14 da ke nuna shekara, wata, rana, awa, minti da daƙiƙar kamu. Sai dai wannan lokacin na rubutun shafin ne. Idan ba a kamo hotonsa a ranar ba, manhajar za ta cike gurbin da mafi kusa da take da shi, wanda zai iya zama na watanni baya ko gaba. Mai binciken da ke son kafa hujja da hoton da ke kan wani shafi a wata rana sai ya duba lokacin hoton daban. Sannan agogon WARC na duniya ne, ba na gida ba. Sudan tana gaba da shi da awa biyu tun Nuwamba 2017, kafin nan kuma awa uku ne. Sanarwar da aka kamo da ƙarfe ɗaya na dare agogon Hartum za ta fito a taska da kwanan watan jiya. Ga mai tsara jerin abubuwan da suka faru a Yuni 2019, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Tunda an ambaci 2019: bayan tarwatsa zaman dirshan na Hartum a ranar 3 ga Yuni an katse intanet na wayar hannu fiye da wata guda, an sake katsewa fiye da mako uku bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021, sannan a Fabrairu 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a yawancin ƙasar. Darasin aiki a nan shi ne jadawalin rarrafe bai kamata ya dogara da kwamfutar da ke cikin ƙasa ba. A ɗora shi a kan injin haya da ke waje, ko a hannun abokin aiki a Alƙahira ko Madina ko Kano. Haka masu sa kai na shirin SUCHO suka yi wa Yukiren daga Maris 2022: mutum fiye da dubu daga ƙasashe daban-daban suka kwashe shafukan gidajen tarihi da ɗakunan karatu fiye da dubu biyar, tun kafin wasu su faɗi.

Larabci da Hausa suna da nasu ciwon kan. Tsofaffin shafukan Larabci da yawa an rubuta su da tsarin lambar haruffa na Windows-1256, ba UTF-8 ba. Idan uwar garken ba ta faɗi tsarin da take amfani da shi ba, rubutun zai fito a hargitse kamar tafiyar kaza. Ba a gyara wannan a cikin WARC ɗin kansa; ana barin asali yadda ya zo, a rubuta tsarin a bayanin fayil, a fitar da gyararren kwafi daban don masu karatu. Adireshin da ke da kalmomin Larabci kuma yana kumbura: kowane harafi yana zama alamomi shida idan aka mayar da shi tsarin da injin ke ganewa, don haka kanun labari mai harafi 50 ya zama alamomi 300, ya zarce iyakar 260 da Windows ta saba sa wa hanyar fayil. Kwafi ya tsaya a tsakiya, ko ya tsallake fayil ɗin ba tare da hayaniya ba. A ɓangaren Hausa, kundayen da aka buga kafin haruffa masu ƙugiya su samu gurbi a kowace kwamfuta an yi su ne da salon haruffa na musamman da ke ɗora ɓ da ɗ da ƙ a kan wasu maɓallai. Idan aka adana fayil ɗin Word ba tare da wannan salon ba, duk inda ƙ take sai wata alama ta fito. Ajami kuwa manhajar karanta hoto irin Tesseract ba ta iya masa, ko Larabcin hannu ma da ƙyar, sai dai mutum ya zauna ya kwafe.

Batun Facebook

Gaskiyar magana, rayuwar intanet ta Sudan a Facebook da WhatsApp take fiye da shafukan gida-gida, kuma nan ne kayan aikin suka fi rauni. Manhajar rarrafe ta kan ci karo da ƙofar shiga ta dawo hannu wofi. Aikin hannu da ArchiveWeb.page yana yi, amma da haɗari biyu. Na farko, idan ɗalibi ya shiga da asusunsa, alamomin shigarsa da sunansa da jerin abokansa suna iya shiga cikin fayil ɗin. Duk wanda ya samu fayil ɗin ya samu wani yanki na sirrinsa. A buɗe asusun aiki daban. Na biyu ya fi nauyi. Rubuce-rubuce da bidiyon da suka yaɗu lokacin rikicin jihar Nil Azraƙ a Yuli da Oktoba 2022, wanda ya shafi Hausawa kai tsaye, shaida ce ta tarihi da ya wajaba a tsare, amma suna ɗauke da fuskoki da sunaye da ƙofofin gidajen mutanen da har yanzu suke zaune da maƙwabtansu. Tsarewa daban, bugawa daban. Irin wannan ana sa shi a taska rufaffiya, a rubuta wanda ke da ikon buɗewa da sharaɗin buɗewar. Masu wannan fanni na musamman, kamar Sudanese Archive da ƙungiyar Mnemonic ke cikin masu tafiyar da ita, suna bin ƙa'idojin tantance shaida irin na Yarjejeniyar Berkeley ta 2020, kuma ɗalibin ɗakin karatu ya fi dacewa ya miƙa musu irin wannan maimakon ya ajiye a wayarsa yana ratsa shingen bincike da ita.

Muƙabala da isnadi

Magabata masu kwafar littafi ba sa cewa an gama sai an yi muƙabala, ɗaya na karanta asali ɗaya na bin kwafi. A dijital muƙabalar lissafi ce. Ana bi da fayil ta wata dabara, wadda aka fi amincewa da ita yanzu ita ce SHA-256, ta fitar da hatimi mai alamomi 64. Ko ɗigo ɗaya ya sauya a fayil ɗin, hatimin zai fito daban gaba ɗaya. Ana ɗaukar hatimin a ranar da fayil ya shigo hannu, kafin a taɓa shi, kafin a sauya masa suna. Duk lokacin da aka kwafe shi zuwa wani faifai sai a sake lissafi a gwada, sannan a riƙa maimaitawa ko da ba a motsa shi ba, aƙalla sau ɗaya ko biyu a shekara. Dalili kuwa fayil yana ruɓewa shiru: faifai ya tsufa, wuta ta ɗauke ana cikin rubutu, kebul ya yi sako-sako. Sunan yana nan, nauyin yana nan, ciki ya lalace. Wanda bai ɗauki hatimi tun farko ba, idan ya tarar da kwafi biyu sun saɓa, ba shi da hanyar sanin wanne ne mai lafiya.

Hanyar ɗaure wannan ita ce BagIt, tsarin da Ɗakin Karatun Majalisar Amurka ya taimaka wajen ƙirƙira. Kamar gafaka yake: babban fayil mai suna data yana ɗauke da kayan, a gefensa takarda mai jera kowane fayil da hatiminsa, da wata mai faɗin wanda ya haɗa jakar da ranar da ya haɗa. Wanda ya karɓa a Bur Sudan ko a ƙetare zai tantance da umarni ɗaya ya ga ko wani abu ya faɗi a hanya.

Isnadin kuma shi ne bayanin tushe: wa ya kamo, yaushe, da wace manhaja da wane zubinta, daga wane adireshi, me aka toshe, me ya ƙi kamuwa. Ga siffanta abin da ke ciki, gurabe 15 na Dublin Core, tsarin siffanta kaya da take da marubuci da kwanan wata da sauransu, sun isa farawa. Sai dai a yi ittifaƙi kan ƙa'ida tun ranar farko. Kwanan wata a rubuta shekara, wata, rana da lambobi, na Hijira ya shiga gurbinsa daban. Harshe a sa masa lambarsa: hau ga Hausa, ara ga Larabci, apd ga Larabcin Sudan, a kuma bambanta Hausar boko da ta ajami. Sunan marubuci a rubuta shi da Larabci da kuma boko, da tsarin mayarwa guda ɗaya, in ba haka ba Usman ɗaya zai zama mutum huɗu a kundin bincike. Sunan fayil kuwa a bar shi gajere da haruffan boko marasa ƙugiya da lambobi, cikakken take ya tafi cikin bayani.

Kundayen digiri suna buƙatar kulawa ta daban, domin su ne dukiyar da jami'a ke da ita wadda babu a ko'ina. Jami'o'in Sudan da dama sun ɗora nasu a kan DSpace, manhajar ajiye kundaye da baje su a intanet. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne DSpace ba ta ajiye fayil da sunansa. Tana ba shi doguwar lamba ta jefa shi a rumbunta, sunan kundin da na marubucin da tsangayarsa suna can cikin ma'ajiyar bayanai ta PostgreSQL. Wanda ya kwashe rumbun ya bar ma'ajiyar ya tsira da dubban fayiloli marasa suna. Wanda ya ɗauki ma'ajiyar kaɗai ya tsira da katalogin littattafan da babu su. Dole a ɗauki biyun a lokaci ɗaya, ko a yi amfani da hanyar fitar da kaya ta DSpace da ke haɗa kowane kundi da bayaninsa. Haka nan lambar DOI ko Handle, wadda ake ba kundi ko maƙala a matsayin adireshi na dindindin, ba ta adana komai, alama ce mai nuna hanya, kuma idan gidan ya rushe sai ta nuna kango. Mujallun da ke kan OJS, manhajar buga mujallun ilimi a intanet, suna da sauƙi ɗaya: akwai hanyar adanawa ta PKP, masu ƙera manhajar, kyauta, wadda aka gina a kan LOCKSS, tsarin ajiye kwafi da yawa na Jami'ar Stanford, amma sai mujallar tana da lambar rajista ta ISSN kuma edita ya kunna ta da hannunsa.

Idan kundin takarda ne za a ɗauka, lissafin wuri ya zo kafin sayen faifai. Shafin A4 a ɗigo 300 kowane inci, da launi, a tsarin TIFF marar matsi, yana kai megabait 26. A toka-toka kusan 9. Kundi mai shafi 200 ke nan ya haura gigabait 5 da launi, ko kusan 1.7 a toka-toka. Kundaye dubu da launi sun cinye terabait 5, kafin a ninka da yawan kwafi. Don haka rubutun inji a ɗauke shi toka-toka, a bar launi da ɗigo 400 zuwa 600 ga rubutun hannu, inda jan tawada da wasali ke da ma'ana. TIFF ɗin shi ne uwa, ba a taɓa shi. Daga gare shi ake fitar da PDF/A na masu karatu, wanda ke haɗiye salon haruffansa a ciki. Wani ƙaramin tuntuɓe: filashin da ke kan tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce gigabait 4.

Ina za a ajiye

Ƙa'idar da aka saba ita ce kwafi uku, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya a nesa. Kafin 2023 ana iya ɗaukar Umdurman a matsayin nesa da Hartum, ko Wad Madani. Yanzu nesa tana nufin wata ƙasa. Zafin da ke haura digiri 40 da ƙurar habub suna gajarta ran faifai mai juyawa, faifan CD da aka ƙona a ofis rininsa yana dusashewa, filashi da SSD kuma suna iya zubar da abin da ke cikinsu idan suka daɗe a aljihun tebur ba wuta, musamman a zafi. Injin da ke da faifai biyu masu kwafar juna yana kare ka daga mutuwar faifai ɗaya ne kawai. Gobara ko ɓarawo ko kuskuren gogewa duka biyun yake ɗauka. Haka babban fayil ɗin da ke daidaita kansa da Google Drive: ka goge a nan, ya goge a can.

Kada kuma a ce tunda an danna Save Page Now, maɓallin da ke sa Wayback Machine ta kamo shafi nan take, an sauke nauyi. Internet Archive kanta ta tsaya na kwanaki a Oktoba 2024 sakamakon kutse, kuma Ɗakin Karatun Birtaniya ya sha harin masu garkuwa da bayanai a Oktoba 2023 wanda ya ɗauke shi watanni yana farfaɗowa. A tura musu kwafi, a riƙe nasa WARC ɗin, kuma aƙalla kwafi ɗaya ya kasance a cire yake daga kowace hanyar sadarwa.

Rauni na ƙarshe daga tsarin karatun kansa yake fitowa. Ɗalibin majistir shekara biyu ko uku yake yi ya tafi, taska kuwa ana so ta wuce rayuwar malamin da ke duba shi. Abin da ke faruwa shi ne a buɗe asusun ajiya da imel ɗin ɗalibi, a ɗaure shi da lambar wayarsa, ya kammala ya koma Damazin ko ya tafi Saudiyya aiki, layin ya mutu, saƙon tabbatarwa ya riƙa zuwa inda ba mai karɓa. Asusu ya zama da sunan ɗakin karatu, mutum biyu ma'aikata su san mabuɗinsa, kuɗin sabunta sunan gida da na ma'aji ya shiga kasafi da ranar biyansa. Kafin a sa wa ɗalibi hannu a takardar sallama, wanda zai gaje shi ya zauna a kwamfutar da ba ta taɓa ganin aikin ba, ya ɗauko jaka ɗaya daga kwafin da ke waje, ya tantance hatiminta, ya buɗe WARC ɗin da ke ciki, yana bin bayanin da aka bar masa a rubuce kawai, mai tafiyar yana zaune a gefe bai ce uffan ba. Duk inda magajin ya tsaya yana tambaya, nan ne za a koma a cike a takardar.